Ƙari a bayan ido: dole sai an buɗe kai?

Malama, kin ce hoto ya nuna wa Baba ƙari a gindin ƙoƙon kai, dab da ramin ido, ko sai an buɗe kan? Allah ya ba shi lafiya.

Mazaunin ƙarin ne ke zaɓar hanya. In ta ɓangaren hanci yake, ana zura siririyar kyamara ta hanci, ba tabo. In sama ne ko gefe, a bi ta gira, ko a ɗaga ƙashin gefen goshi. Wanda ya naɗe jijiyar gani akan bar ragowarsa da gangan, gudun makanta.

Bayan aikin hanci kada ya fyace majina. In ruwa garai mai gishiri-gishiri na ɗiga ta hanci, ku koma asibiti take, mai yiwuwa ruwan ƙwaƙwalwa ne.

Don Allah kada ku ɓata lokaci wajen ɗiga magani a ido. Ku kai hotunan MRI da CT wa likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano.