Binciken jin ra'ayin ma'aikata: mu yi da kanmu ko mu ɗauko na waje?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce mai kula da sashen ma'aikata a wata masana'antar leda da ke Sharaɗa a Kano, muna da ma'aikata kusan 140. Tun bara mutane ke ajiye aiki ba tare da sun faɗi dalili ba, shi ne mai kamfanin ya umarce ni da in shirya binciken jin ra'ayinsu. Ina tsoron idan na yi da kaina babu wanda zai faɗi gaskiya, idan kuma muka ɗauko kamfanin waje kuɗinmu ya tafi a banza. Na yi tunanin amfani da Google Forms, wato fom ɗin da ake cikewa ta intanet, in cire gurbin suna. Ko hakan ya wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsara tambayoyi da tattara amsoshin mutum 140 bai fi ƙarfin ofishinki ba, kuma da a ce tambayar ta tsaya kan abincin kantin ko motar ɗaukar ma'aikata, da na ce ki yi da kanki ki adana kuɗin. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mutanen da suka zaɓi tafiya shiru sun riga sun nuna miki cewa ba su aminta da faɗin damuwarsu a cikin gida ba.

Maganar cire gurbin suna kuwa, ita ce kuskuren da nake cin karo da shi kusan kullum, kuma ya ishe ni. Rashin suna ba shi ne sirri ba. Idan fom ɗinki ya tambayi sashe, da jinsi, da shekarun aiki, to macen da ita kaɗai ce a sashen akanta ta sa hannu ko ba ta rubuta sunanta ba, haka dattijon da shi kaɗai ya haura shekara ashirin a gaban injin. Google Forms yana rubuta rana da lokacin da aka aiko kowace amsa, saboda haka wadda ta shigo ƙarfe biyun dare kowa ya san daga masu aikin dare ta fito. Microsoft Forms kuma, idan aka taƙaita shi ga 'yan cikin kamfani, yakan ɗauki sunan mai amsawa sai idan an kashe wannan zaɓin da gangan. Ko a takarda aka yi, shugaban sashe ya san rubutun hannun yaransa da irin kalmomin da kowannensu ya saba da su. Ga kuma masu gadi da direbobi da leburori waɗanda bokon nasu bai yi nisa ba: sau da yawa shugabansu ne ake sa wa ya cike musu, wato mutumin da suke son kai ƙararsa. Na taɓa ganin wani manaja ya zauna da amsoshi a gabansa yana kiran sunayen masu su ɗaya bayan ɗaya, bai kuskure ko ɗaya ba. Daga ranar da aka canza wa mutum ɗaya wurin aiki saboda abin da ya rubuta, duk binciken da za a yi nan gaba yabo kawai zai dawo da shi.

Saboda haka shawarata a wannan karo na farko ita ce ku ba ɗan waje aikin tattarawa, ke kuma ki riƙe tsara tambayoyi, tunda ke kika san gidan. Sai dai ki kula kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago, domin kasuwar cike take da 'yan damfara masu kwafo tambayoyi 12 na auna ra'ayin ma'aikata na kamfanin bincike na Gallup, waɗanda mallakar wancan kamfanin ne, su liƙa musu tambarinsu, sannan mai gida na neman amsoshin ɗaiɗaiku su miƙa masa don a sake ba su kwangila. Ki sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa amsoshin ɗaiɗaiku ba za su shigo hannun kowa a kamfanin ba, har ke da mai kamfanin. Cewa ba za a fitar da sakamakon rukunin da bai kai mutum biyar ba. Cewa za a yi tambayoyin da Hausa, kuma wakilin kamfanin wajen ne zai zauna da wanda ba ya iya karatu. Sannan a faɗi ranar da za a goge bayanan. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora muku alhaki a kan bayanan ma'aikatanku ko da wani kuka ba riƙo, don haka wannan rubutun kariya ce gare ku.

Kafin ki nemi farashi daga kowa, ki zauna da mai kamfanin ki tambaye shi ko ya amince a karanta wa ma'aikata sakamakon a bainar jama'a, har da abin da ya shafe shi, kuma a gyara aƙalla abu biyu cikin wata uku. Idan ya ce a'a, ki jinkirta binciken.