Kada Ka Mayar Masa da Sifikun Nan Large

Ka tambaye ni dalilin da ya sa duk risibar da na haɗa, wato na'urar da take raba amo tana tura wa sifiku, nake ajiye saitin sifiku a kan Small maimakon Large, har da waɗanda tsayinsu ya kai ƙugun mutum, kuma ka ce mai gidan kallon da na tura ka wurinsa a hanyar Ringim yana ƙorafin bes bai ishe shi ba, yana so ka mayar masa da su Large. Kada ka mayar. Zan amsa maka a rubuce, ɗana, domin na lura ku yaran yanzu abin da aka faɗa muku da baki a shago ba ya kwana a kanku, rabin hankalinku yana kan waya.

Ba zan tsaya a kan haɗa ja da ja, baƙi da baƙi ba, ko duba bayan risiba a ga ko wutar 230 take ci ko 120 irin kayan Amurka. Wanda sai an gaya masa wannan bai kai ya taɓa kayan mutane ba.

Risiba ba ta ganin akwati, saboda haka ba girmansa take tambayarka ba. Abin da take so ta sani shi ne ko sifikar za ta iya ɗaukar amo mafi zurfi, har ƙasa wajen 20 ko 30 Hz (ma'aunin amo ne, ƙaramar lamba ita ce mafi zurfi), da ƙarfi kuma ba tare da wahala ba. Idan ka ce Large, sai ta tura mata komai. Idan ka ce Small, sai ta yanke duk abin da yake ƙasa da lambar kurosoba, wato iyakar da ake raba amo a kanta, ta miƙa wa wufa, sifikar bes wadda aka ƙera don wannan aiki kuma take da amfilifayarta a cikin akwatinta. Duk lokacin da amo ya sauka da rabi, a ce daga 80 zuwa 40, takardar sifika sai ta yi motsi ninki huɗu kafin ta ba da ƙara iri ɗaya. Wanda ya sa ƙaramar sifika a kan Large ya ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Lambar 80 da aka saba sa wa kurosoba kuwa ba ni na ƙirƙiro ta ba, ma'aunin da kamfanin THX na Amurka ya tsayar ne, kuma hikimarsa ita ce daga nan zuwa ƙasa kunne ba ya iya nuna inda amo yake fitowa, don haka mai kallo ba zai gane wufa ce take yin aikin daga gefe ba.

Tambayar nan taka ta tayar mini da wani abu da har yau idan na tuna raina yake ɓaci. Shekarun baya, kafin a kawo ka shagon nan, wani Alhaji dillalin riɗi a wani ƙauye gefen Gumel ya sayo risiba ta hannu daga Sabon Gari a Kano, da ƙananan sifiku biyar waɗanda kowace za ka riƙe ta a tafin hannu, amma babu wufa. Na gaya masa gaskiya cewa waɗannan ba za su ba shi dirin da yake so ba sai da wufa. Ina da wata mai inci 12 a shago, wadda na tara kuɗi na saya don in riƙa bayar da haya, sai ya ce in ɗaura masa ita, zai biya ni kuɗinta da ladan aikina gaba ɗaya idan ya sayar da riɗi a kasuwar Maigatari. Mutum ne da ake tashi a ba shi wuri a masallaci, ban ga abin da zai sa in nemi shaida ba.

Na yi masa aikin da ko a birni ba za a fi shi ba. Na sa dukkan biyar ɗin a kan Small, kuma da yake takardarsu ba ta wuce inci 3 ba, na ɗaga kurosoba zuwa 120, na auna nisan kowace daga kujerarsa da tef, na daidaita ƙararsu ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna ya saurara, ya sa mini albarka a gaban baƙinsa. Na ja kunnensa cewa kada a taɓa saitin, kuma kada a kunna kayan da ƙaramin janareta babu sitabilaiza.

Ba a daɗe ba aka yi bikin 'yarsa. Wani ɗansa, irin ku masu ganin duk abin da yake da rimot sun iya shi, ya fito da kayan tsakar gida, ya shiga saiti ya mayar da komai Large domin a ganinsa babba ya fi ƙarami, ya kunna ƙarin bes, ya kai maɓallin bes ƙarshe, ya cire sitabilaiza ya kai wa firij. Ka sani ƙarin dB 6 (ma'aunin ƙarfin amo) a bes yana nufin wuta ninki huɗu ake nema daga amfilifaya, ga fili babu bango da zai taimaka, ga wutar janareta tana hawa tana sauka. Idan amfilifaya ta kai iyakarta ana ci gaba da matsa mata, amon da take fitarwa yakan lalace, kuma shi yake fara cin tuwita, wato ɓangaren sifika mai fitar da siririn amo. Kafin a kai amarya sifiku uku sun mutu.

Da aka kira ni, tun daga zaure na ji warin kwail da ya ƙone. Na danna takardar sifikar tsakiya da yatsu a hankali, na ji tana gogar ƙarfe, ƙarar-ƙarar. Na sa mita a kan wadda ya kamata ta nuna kusan om 6, ba ta nuna komai ba. Na kunna talabijin na buɗe saiti a gabansa, ga Large a jere daga sama har ƙasa, na ce, "Alhaji, ai ba haka na bar maka ba." Sai ya dube ni ya ce shi bai san wannan rubutu ba, abin da ya sani ni ne na haɗa, kuma wufata ce ta ja wuta ta ƙona masa kaya. Ɗan nasa yana tsaye a bakin ƙofa, bai ce uffan ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Maganar ta kai gaban mai unguwa, dattawa suka ce ni ne ƙarami, in yi haƙuri, ya riƙe wufa a madadin sifikunsa, ladan aiki kuma a bar shi. Kuɗin wufar nan a lokacin zai saya mini ɗan maraƙi. Amma asarar kuɗin ba ta yi mini ciwo kamar yadda aka yi ta yawo da sunana a ƙauyukan nan ana cewa ina ƙona kayan mutane ba, har wani mai gidan kallo da muka gama magana ya ɗauko yaro daga Kano ya ba shi aikin. Na ji labarin wufar tana nan tana aiki a ɗakinsa, domin ita babu abin da ya same ta. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Daga ranar na ɗauki doka, kuma kai ma ita za ka bi. Idan ka gama saiti, ka ɗauki hoton allon da wayarka a gaban mai kaya da wani baligi, ko banza wayar ta yi amfani sau ɗaya, sannan ka kulle saitin. A Yamaha ka nemi Memory Guard, a Denon ka nemi Setup Lock. Kayan shago kuma ba sa fita bashi, ko wane ne.

Game da mai gidan kallon naka, ina da yaƙinin matsalarsa ba ta Small ba ce, kuma Large za ta ƙara dagula masa. Yawancin abin da yake kunnawa, waƙoƙi kafin a fara ƙwallo da finafinan da ake tura masa a filashi, hanya biyu ne kawai, hagu da dama, babu hanyar nan ta musamman ta bes da ake kira LFE, wato ɗigo ɗayan da ke cikin 5.1, tsarin sifiku biyar da wufa ɗaya. Idan sifikun gaba suna kan Large, risiba ba ta da abin da za ta ba wufa a irin wannan, sai ta yi shiru, ya dawo yana cewa ka lalata masa ita. Akwai saitin da yake ba su bes su duka a lokaci ɗaya, Denon suna kiransa LFE+Main, Onkyo Double Bass, Yamaha Extra Bass. Ni ba na sonsa, domin diri yake tarawa a wani benci ya bar wani babu komai, muryar mai sharhi kuma ta dushe.

Ka koma ka duba bayan wufar tukuna. Maɓallin kurosoba da ke jikinta ka murɗa shi har ƙarshe, domin risiba ta riga ta yanka, idan aka yanka sau biyu sai rami ya buɗe tsakaninta da sauran sifiku, kuma ina zargin abin da yake ji ke nan. Maɓallin ƙararta ka ajiye a tsakiya, ƙari ko ragi ka yi shi daga risiba. Manyan na gaba ka ba su 80, ko 60 idan ka karanta bayansu ka ga da gaske suna sauka wajen 40. Ƙananan na baya ka ba su 100 ko 120. Lambar LFE ka bar ta a 120 yadda ta zo, ba ita ce kurosoba ba, kuma yara da yawa suna rikita su. Sai ka sa wani ya juya maɓallin 0 da 180 da ke jikin wufar kana zaune a bencin tsakiya, ka bar shi a inda bes ya fi cika.

Idan risibar ta zo da makirfonta na awo, ka yi amfani da shi, amma ba lokacin da injin markaɗe yake aiki a maƙwabta ba, kuma a kashe fanka, a ja janareta nesa. Kada ka ɗauki abin da ya fitar kamar an gama, domin sau da yawa yakan mayar da na gaba Large saboda jingina da suka yi da bango. Ka mayar da su Small. Lambar kurosoba da ya bayar kana iya ɗaga ta, amma kada ka saukar da ita. Wuri ɗaya ne na yarda da Large, inda babu wufa ko kaɗan, domin a nan risiba da kanta take tilasta wa na gaba su ɗauki besin kowa, kuma dole ka gaya wa mai kaya iyakar ƙarar da zai kai.

In bayan duk wannan ya ce bai ƙoshi ba, ka matsar da wufa kusa da kusurwar ɗaki, za ta ƙara ƙarfi ba tare da ka ƙara wuta ba. Sai dai na san rumfar tasa, kwano ne sama da gefe. Ka tafi da guduma da ƙusa da guntayen robar taya, ka kunna amo mai zurfi ka zaga kana ɗora hannu a kan kwanon, duk inda ya yi shiru da ka danna, nan za ka sa roba ka buga ƙusa, tun kafin ya ce maka wufar ce ta tsage.