Tambaya da Amsa: Sabon Gida a Bayan Gari da Zancen Kare Muhalli

Tambayoyin wannan makon sun taru ne kan sababbin unguwannin da ke ta tsirowa a gefen birnin Kano. Masu tsara gari da magina ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaman haya a Gwale. An yi mini tallar gida a wani sabon rukuni a hanyar Gwarzo, kimanin kilomita 20 daga wurin aikina. Sun ce gidajen masu kare muhalli ne, don akwai sola da ciyawa da shuke-shuke. Shin da gaske zama a can ya fi? Daga wani ma'aikaci, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka kalli ciyawar, ɗauki biro ka yi lissafin hanya. Kilomita 20 zuwa da 20 dawowa 40 ke nan a rana. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 4, wato lita 88 a kwanakin aiki 22, ban da kai yara makaranta, cefane, da zuwa gaisuwa cikin gari. Ƙaramin janareton da sola za ta maye gurbinsa yana shan kusan rabin lita a awa, to awa huɗu da daddare lita 2 ne. Ka ga abin da sola ta rage maka, hanya ta ci ninki biyunsa. Kowace litar fetur kuwa tana fitar da wajen kilo 2.3 na iskar da ke ɗumama duniya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan lissafin ya fi ƙarfin a kawar da kai daga gare shi.

Ciyawar ma ba kyauta ba ce. A watannin bazara kowane murabba'in mita na buƙatar lita 5 zuwa 7 na ruwa kullum, duk daga rijiyar burtsatse. Bishiyar darbejiya ɗaya a yammacin gida ta fi ta amfani nesa ba kusa ba, in an dasa ta taku shida ko fiye daga harsashi saboda saiwa. Kuma ka tuna wurin da aka yanka ɗin gona ce. Karkarar Kano ta daɗe tana ciyar da birni, jakuna na fitar da taki suna shigo da amfanin gona. Duk gonar da ta koma fuloti a Ungogo ko Kumbotso, ta fita daga noma har abada.

Ba muna cewa kada ka saya ba. Je ka wurin da safe a ranar aiki, ka ga ko akwai motar haya ko A Daidaita Sahu, ka auna tafiyar ƙafa zuwa makaranta, masallaci, kasuwa da asibitin sha-ka-tafi. In minti goma zuwa sha biyar ya kai ka, wurin unguwa ce. In komai sai an tada mota, adon bai fanshe shi ba.

Tambaya: Mun sayi fuloti awon igiya, hamsin-hamsin, ni da maigidana. Muna son haƙa rijiya a ciki don mu huta da sayen ruwan 'yan garuwa. Me ya kamata mu kiyaye? Daga wata uwargida, Kumbotso.

Amsa: Hajiya, ga inda gizo ke saƙar. Ƙafa 50 mita 15 ce da ɗan ɗoriya, daga kusurwa zuwa kusurwar fulotin kuwa mita 21 da rabi. Tazarar da aka fi ba da shawara tsakanin rijiya da ramin masai ko sokawe mita 30 ce. Saboda haka fulotin bai isa ba ko da kun raba su gabas da yamma, balle maƙwabta uku da ke kewaye da ku, kowa da nasa ramin a jikin katangarku. Ta nan ne taifot da amai da gudawa ke shiga gidajen da a ido tsaf suke.

Abin da ya fi shi ne gida takwas ko goma su haɗa kuɗi a haƙa burtsatse ɗaya a wurin da ya yi nesa da ramuka, a sa tanki a sama, a ja famfo. A fara kiran masu awon ƙasa, domin akasarin Kano kan dutse take, ruwan yana cikin tsagogi ne, ana iya haƙawa a tashi fayau. A tabbata an sa bututun kariya, an toshe bakin ramin da kwaɓin siminti mita uku zuwa biyar daga sama, an kuma kai ruwan ɗakin gwaji kafin a fara sha.

Kada ku raina ruwan sama. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufi mai murabba'in mita 100 zai tara lita 2,000 a ruwan milimita 20. A zubar da na farko mai wanke ƙura da kashin tsuntsaye. Tsakar gida kuma kada a daɓe ta duka da siminti, a bar inda ƙasa za ta sha.

Sai batun awon igiya kansa. Mai yanka ba ya son asarar ko taku, shi ya sa za ki tarar da lungun da mota biyu ba sa giftawa, babu filin magudana. Ku tambayi dattawan wurin ko da can kududdufi ne aka cike, ko hanyar ruwa ce. In da hali ku je a watan Agusta bayan an sheƙa ruwa. Kafin ku sa harsashi, ku kai zanen ginin hukumar tsara birane ta KNUPDA, domin fulotin da ya hau kan hanya ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki rusau ke jiransa.

Tambaya: Ina son yin gini da bulon jar ƙasa, amma 'yan'uwa sun ce ginin talaka ne, damina biyu zai narke. Daga wani matashi, Ungogo.

Amsa: 'Yan'uwanka suna tuna tubalin da ake yaɓe duk shekara ne. Wanda ake magana yanzu, ana tankaɗe jar ƙasa a gauraya ta da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a ɗan jiƙa, a matse da inji, a lulluɓe da leda ana yayyafa ruwa, sai ya kai kwana 28 kafin a ɗora. A Yamai an gina rukunin gidaje shida masu bene da irinsa, wanda ake kira Niamey 2000, aka kammala a 2016, kuma an tsara su ne kusa da kusa don kada gari ya yi ta faɗaɗa a banza.

Inda ake kuskure guda biyu ne: ƙasan ginin da samansa. Harsashi ya zama na dutse ko kankare, ya ɗago aƙalla santimita 30 daga doron ƙasa, a shimfiɗa leda mai hana danshi kafin layin farko. Rufi kuma ya zarce bango da santimita 60 ko fiye, don ruwan da iska ke korowa daga gabas kada ya riƙa dukansa. Dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, tagogi su kalli juna, a rage su ta yamma. Sannan ka nemi maginin da ya taɓa aiki da shi, ka je ka ga ginin da ya yi wanda ya sha damina uku.