Giranda mai waya ko mai batir: wacce ce ta fi aminci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Funtuwa, ina yin ƙofofi da tagogi, kuma akwai yara uku da ke koyon aiki a hannuna. Kwanakin baya giranda, wato injin yanka da guga ƙarfe, ta tashi da kanta a kan benci lokacin da aka dawo da wuta, ta faɗo ƙasa tana juyi, Allah ya kiyaye ba ta taɓa kowa ba. Wani abokina ya ba ni shawarar in sayar da injinana masu waya in koma masu batir, wai su ba su da haɗari. Shin gaskiya ne? Kuma me ya kamata in koya wa yaran?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara kiyayewa. Abin da ya faru a shagonka ba wani abin mamaki ba ne ga duk wanda ya san yadda wutarmu take zuwa tana tafiya. Yawancin giranda suna da makunni mai kullewa, wanda idan an tura shi gaba yake zama a kunne ko da an saki hannu. Ana cikin aiki aka ɗauke wuta, injin ya yi shiru, yaro ya ajiye shi ya tafi shan ruwa, alhali makunnin yana nan a kunne yana jiran wuta kawai. Maganinsa shi ne ya zama doka a shagon cewa da zarar wuta ta ɗauke, a kashe makunni kuma a zare filogi kafin a ajiye injin. Idan za ka sayi sabuwa nan gaba, ka nemi mai makunnin da sai an danne shi take aiki, ko wadda aka rubuta cewa ba ta tashi da kanta bayan dawowar wuta.

Abokinka kuwa rabin gaskiya ya faɗa. Batirin irin waɗannan injina yawanci bolt 18 ne, wanda ba ya jan mutum, kuma babu wayar da za ta harɗe ƙafa ko faifai ya yanke ta. Amma faifan da ke yanka ƙarfe bai san daga ina ƙarfinsa ya fito ba, kuma yadda yake cin ƙarfe haka zai ci yatsa. Har ma akwai ta inda mai batir ya fi yaudara, domin shi kullum a shirye yake. Mai waya idan ka ga filoginsa a ƙasa ka san a mace yake, shi kuwa mai batir yana iya tashi a cikin jaka idan wani abu ya danne makunninsa, ko a hannun ƙaramin yaron da ya ɗauka don wasa. Saboda haka duk lokacin da za a canza faifai ko bakin huda, ko za a ciro abin da ya maƙale, cire batir daidai yake da zare filogi, kuma kashe makunni kaɗai bai wadatar ba.

Tunda giranda ce ta kawo maganar, bari in tsaya a kanta, domin a ganina ita ce mafi haɗari a cikin kayan mai walda. Ka ɗauki faifai ka duba rubutun da ke jikinsa, za ka ga an sa iyakar juyin da zai iya ɗauka a minti ɗaya. Faifai mai faɗin milimita 115, wato inci huɗu da rabi, yakan ɗauki kusan juyi 13,300, babba mai milimita 230 kuwa kusan 6,600 ne iyakarsa. Ƙaramar giranda tana juyawa wajen sau 11,000 a minti. Ke nan wanda ya kwance murfin kariya don ya ɗaura babban faifai a kan ƙaramin inji, kamar yadda ake yawan yi idan ƙananan sun ƙare, ya sa faifan yana gudun da ya wuce ƙarfinsa nesa ba kusa ba, kuma ya cire abin da zai tare ɓarɓashin idan ya fashe. Ko a kan ƙa'ida, bakin faifai yana iya kai gudun mita 80 a daƙiƙa, wato fiye da kilomita 280 a awa, don haka guntun da ya ɓalle ba ya ba mutum damar kaucewa. Faifan yanka siriri ne, ba a yi shi don a riƙa goga gefensa a jikin ƙarfe ba. Na guga daban yake, ya fi kauri. Wanda ya faɗi ƙasa, ko ya tsage, ko ya sha danshi, a jefar da shi. Mutane da yawa ba su san cewa faifai yana da wa'adi ba, alhali masu kyau ana buga watan da shekarar ƙarewarsu a kan zoben ƙarfen da ke tsakiya, yawanci shekara uku daga ƙira. Ɗaura faifan zarto mai haƙora a kan giranda don yanka katako kuwa, wannan kada ka yarda a yi shi a shagonka ko sau ɗaya.

Ka koya wa yaran riƙe inji da hannu biyu, da matse ƙarfen da za a yanka a cikin mamatsa maimakon a take shi da ƙafa, da tsayawa a gefen layin faifai. Idan tsagar ta matse faifan, injin yakan yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi cikin ƙiftawar ido, kuma wanda ya cire hannun gefe ba zai iya tare shi ba. Kada a ajiye inji sai faifan ya tsaya cak.

Ta ɓangaren wuta, abin da ke zuwa soket a Najeriya bolt 230 ne, kuma wutar da ba ta kai ta kunna ƙaramin ƙwai ba tana iya birkita bugun zuciya idan ta ratsa ƙirji. Haɗarin galibi yana ga wayar: wadda tartsatsi ya ƙona aka naɗe da leda, ko wadda filoginta ya karye aka cusa tsirarar bakinta a soket aka toshe da tsinken ashana. Inji mai jikin ƙarfe yana buƙatar waya ta uku, mai launin kore da rawaya, wadda ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. Wanda ka ga alamar murabba'i a cikin murabba'i a jikinsa rufi biyu gare shi, ba ya buƙatarta, muddin jikinsa bai fashe ba. Ina ba ka shawarar ka sa mai aikin wuta ya ɗaura maka na'urar da ke gane yoyon wuta, wadda masu kayan lantarki suka sani da RCD, mai miliamfa 30, domin tana yanke wuta cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Fis waya yake karewa daga ƙonewa, bai isa ya ceci mutum ba. Da damina wannan ya fi zama dole, musamman ga masu aiki a bakin titi da silifas a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Doguwar wayar ƙari a warware ta duka kafin a ɗora mata babban inji, don a naɗe zafi take tarawa har ta narke. Injin gwanjo da ya fito daga Amurka kuma a duba farantin jikinsa, saboda wutarsu bolt 120 ce. Idan da janareta ake aiki, a bari ya tashi ya daidaita kafin a jona inji, kuma jarkar fetur ta yi nisa da inda tartsatsi ke sauka.

Batir shi ma yana da nasa sharrin, wato gobara. Batirin lithiyam ba ya jure zafi, ga shi a watannin Maris da Afrilu zafinmu yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin rufin kwano ko a cikin mota a rufe. Kada a sa batir a caji yana da zafi daga aiki, kada a yi masa caji da wata caja da ba tasa ba, kuma kada a bar shi a kan caja a kulle shago a tafi gida. A shagon walda akwai ƙarin abin lura, domin ƙusa ko guntun ƙarfe da ya haɗa bakunan batir a cikin akwatin kaya ya isa ya tayar da wuta. Wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko yake wari, aikinsa ya ƙare. Af, kada rubutun bolt 20 da ke jikin wasu ya ruɗe ka a kasuwa, ƙananan batura biyar ɗin da ake haɗawa a cikin mai bolt 18 su ne a cikinsa.

Sai kuma tufafi da kariyar jiki. Hannun kaftani mai faɗi da gezar rawani abinci ne ga duk abin da ke juyawa, haka ma safar hannu idan ana aiki da injin huda. Baƙin tabarau na kwalliya da yara ke sawa ba ya tare ɓarɓashin ƙarfe, a nemi tabarau na aiki mai rufe gefe, a ɗora garkuwar fuska a kansa idan ana yanka. Ƙarar da ta wuce desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) tana cin ji sannu a hankali, giranda kuwa takan kai wajen 100, saboda haka abin toshe kunne ba gayu ba ne.

Game da sayar da injinanka, ni ban ga dalili ba. Yankan ƙarfe mai kauri na tsawon yini yana cinye batir da sauri, kuma kuɗin batura biyu ko uku na asali ba kaɗan ba ne. Ka riƙe masu waya don aikin cikin shago, ka gyara wayoyinsu, ka mayar da duk murfin da aka kwance. Idan akwai hali, ka fara da injin huda mai batir, domin shi ne zai fi yi maka amfani ranar da za a je ɗaura taga a bene ko a hau tsani a gidan da ba a ja wa wuta ba tukuna.