Tsofaffin hotuna da littattafan Boma: a saya ko a bari?

Tambaya: Malam, kakana yana cikin sojojin da Turawa suka kai yaƙin Boma. Na ga wani dillali a intanet yana tallan tsofaffin hotunan ƙasar guda shida, ya ce na Felice Beato ne, wani Bature mai ɗaukar hoto, kuma na asali. Kuɗin ya kai na sabon babur. Ina so in saya don tunawa da tsohon.

Amsa: Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta. Amma ɗan'uwa, dakata tukuna, domin abin da kake nema ba ya cikin waɗannan hotuna. Beato ya shiga Boma ne bayan Ingila ta ci Mandalay, babban birnin sarkin Boma, a 1885 ta kori Sarki Thibaw zuwa Indiya, ya buɗe shagon hoto a garin, kuma ya rasu tun 1909. Su kakanka kuwa, runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, sun yi yaƙinsu ne a kwarin Kaladan da yankin Arakan, a yammacin Boma, daga ƙarshen 1943 zuwa 1945. Ga tazarar shekaru, ga kuma tazarar wuri. Hotunan waɗannan sojoji suna ajiye a gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan, da yawansu ana kallonsu kyauta a shafinsu, ana kuma iya odar kwafi da kuɗi kaɗan. Can ya kamata ka fara dubawa.

In kuma hotunan ne suka shiga ranka don kansu, to sai a yi ciniki da ido buɗe. Yawancin hotunan zamanin Beato an wanke su ne a takarda mai laushi ƙwarai da aka shafa wa farin ƙwai, shi ya sa ake manna su a kan kwali, in ba haka ba sai su naɗe kamar tabarma. Launinsu ruwan ƙasa ne, wuraren da ya kamata su yi fari sun koma rawaya-rawaya. Ka sa dillalin ya ɗauko maka wani sashe kurkusa da madubin ƙara girma. In ka ga ƙananan ɗige-ɗige a jere reras, bugun inji ne, ko an yanko shi daga littafi. In na gaske ne, abin da za ka gani ƴan tsage-tsage ne sirara a fuskar takardar. Ka nemi hoton bayan kwalin, ka tambayi hannun da ya fito, ka sa a rubuta maka cewa za a mayar da kuɗinka in ba haka yake ba. Dillalin da ya ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka bar masa kayansa. Sunan Beato shi ke sayar da kaya, don haka ake liƙa shi ga aikin wasu. A zamanin akwai irin su Philip Klier, Bajamushe mai shago a Rangun, kuma hotunansa ba na yarwa ba ne.

Tambaya: Ni malamar tarihi ce a jami'a. An yi mini tayin littafin Henry Yule na tafiyar wakilan Ingila fadar Ava, wato fadar sarkin Boma, an ce bugun farko ne, farashin kuma da sauƙi. Me zan duba?

Amsa: Hajiya, sauƙin farashin ne ya fi ba ni tsoro. Bugun farko ya fito a Landan a 1858, babban littafi ne mai nauyi, labarin tawagar da Arthur Phayre ya jagoranta zuwa wurin Sarki Mindon a Amarapura, babban birninsa, a 1855. Darajarsa tana ga zane-zanen da taswirorin da ke ciki, kuma su ne masu cuta ke yankewa su sayar ɗaiɗai a cikin firam. A farkon littafin akwai jerin sunayen zanen. Ki sa a ƙirga miki su ɗaya bayan ɗaya a bidiyo, a buɗe kowace taswira mai ninki. Ɗigon tsatsa a takarda ba laifi ba ne ga littafin da ya haura shekara 160. Rashin shafi ɗaya kuwa yana karya farashi warwas. An kuma sake buga shi daga baya, har yanzu ma wasu na bugawa daga kwafin intanet su yi masa bangon fata, sai ki duba shafin suna da kyau.

In don koyarwa kike so, sabon bugu ya ishe ki. Ki haɗa wa ɗalibanki da hotunan Linnaeus Tripe, wanda ya bi wannan tawagar da kyamara, aka fitar da 120 daga aikinsa a 1857. Ɗakin Karatu na Birtaniya yana da su. Abin da ke taɓa ni a cikinsu shi ne titunan kusan fayau suke, ba don babu mutane ba, sai don kyamarar lokacin tana ɗaukar lokaci mai tsawo, mai motsi ba ya fita. Hotunan mutane da aka ɗauka daga baya kuma, ƴan mata da furanni a ka da ƙatuwar taba a hannu, da yawa a shago aka zaunar da su don Bature mai yawon buɗe ido ya samu tsaraba. Wani hafsa, Willoughby Hooper, har gaban kotun soja aka kai shi kan ɗaukar hoton fursunoni ana harbe su a Mandalay. Ki sa ɗalibai su riƙa tambayar wa ya riƙe kyamara, kuma wa aka tsayar gabanta.

Tambaya: Na riga na sayi ƴan hotuna. Yaya zan adana su?

Amsa: Kada ka kai su a manne da leda a injin zafi, kada salatif ya taɓa su. Wannan ɓarnar ba ta gyaruwa. Ka sa kowanne tsakanin takarda marar sinadarin asid, a kwance cikin akwati, nesa da ƙasa da bango saboda gara da kyankyaso. Damina tana kawo musu fumfuna, hunturu yana busar da su har su tsage, don haka ɗakin da ke tsakiyar gida ya fi. Wanda za ka rataya a falo, kwafi ka rataya, domin rana tana cinye na asali cikin ƴan shekaru.

In wani dillali ya zo maka da rubutun addinin Buda na ganyen dabino ko mai ruwan zinariya, ka nemi takardar da ke nuna yaushe ya bar ƙasar. Myanmar, sunan Boma tun 1989, ta haramta fitar da kayan tarihinta ba izini, kuma da yawan irin waɗannan daga gidajen ibadar mutane aka ɗauko su.