Motar da ake yi wa caji kamar waya: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Birnin Kebbi nake zaune, aikina kuma a Kalgo, kullum sai na je na dawo. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 fetur ke cinye mini albashi. Wani dillali ya nuna mini Toyota Prius Prime 'yar 2018, ya ce tana shan mai kuma ana jona ta a soket. Me za ku ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka je duba motar, fara duba wutar unguwarku. Batirin wannan mota yunit 8.8 na wutar lantarki yake ɗauka, kuma a sabuntarsa yana kai ta kimanin kilomita 40 ba tare da inji ya tashi ba. Zirga-zirga irin taka ita ce aikinta. Amma fa sai in tana kwana a jone. Idan wuta ba ta zama a gidanku kuma ba ka da sola mai ƙarfi, gara ka sayi Prius ta gama-gari wadda ba a jonawa, ka riƙe canjinka. Yin caji da janareta kuwa an gudu ne ba a tsira ba, fetur ɗin dai za ka ƙona, ƙaramin janareta ma ba zai ja ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wayar cajin. Yawancin waɗannan motoci daga Amurka ake shigo da su, inda soket ɗin gida yake ba da bolt 120, namu kuwa 230 ne. Juya akwatin da ke jikin wayar ka karanta rubutun bayansa. In 120 kaɗai ka gani, kada ka kuskura ka jona. Nemi wadda ta dace, sannan mai aikin wuta ya ja maka layi na musamman mai waya mai kauri, ba irin abin da muke jona fanka da talabijin ba. Da caja mai kyau, awa biyu da 'yan mintuna ta cika.

Sai tuƙi. Taka totur a hankali, ka riƙa sakinsa tun daga nesa in ka hango shataletale, domin rage gudu a hankali yana mayar da wuta cikin batir. Zafinmu na Afrilu, da kan wuce digiri 40, yana tsufar da batir, sanyaya mota kuma tana rage nisan da za ka yi. Ka samar mata inuwa, ko da ta dogon yaro ce.

Ranar da za ka Sakkwato ko Argungu kada ka damu, caji na ƙarewa inji zai karɓa. Kuma kada ka biya ko kwabo sai an cika batirin a gabanka, ka tuƙa ta zuwa Kalgo ka dawo, kana kallon inda injin zai fara tashi.