Gardamar tallafin mai ta raba ni da Yaya

Ka ce kai da yayanka kun daina gaisawa saboda gardamar cire tallafin mai, kana tambaya ko ka ƙyale shi. A'a, Malam, kada ka ƙyale.

Da Tinubu ya sanar da cirewar ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500, kuɗin mota da kwanon masara suka bi sahu. Wannan kake gani. Shi kuwa man da ake fasa-ƙwaurinsa zuwa Nijar da Kamaru yake dubawa, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Je ka same shi gida, ba a majalisa ba. Ka ce, "Yaya, to rarar kuɗin ina take zuwa?" Ka bar shi ya kai aya, ko da ya ja.